Na kawo jirgin ƙasa Sakkwato a kan falanki

A Sakkwato aka haife ni, cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu, kuma har yau da na haura shekara sittin ban taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga ɗakina ba. Ba ni kaɗai ba, duk wanda ya kwana a birnin nan bai taɓa ji ba, domin dogo bai taɓa isowa gare mu ba. Turawa sun jawo reshe daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, daga nan ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba. Duk da haka babu abin da ya zauna mini a rai tun ina yaro kamar jirgin ƙasa, kuma a cikin wannan son ne Allah Ya ajiye mini sauƙin wata jarrabawa da ta same ni da girma. Shi ya sa nake so in ba da labarin tun daga tushe.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, fataucin fata yake yi. Fatar jar akuyar Sakkwato ba ta buƙatar talla, tun kafin zuwan Turawa ake ketara Sahara da ita. A 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule, shekarar da fari ya sa dabbobi suka yi ta faɗuwa, fata ta yi yawa a hannunsa, sai ya roƙi mahaifina ya ba shi ni in riƙa tsare masa kaya a hanya. Ina da shekara goma sha ɗaya. Muka hau bayan babbar mota bisa ɗaurin fatu, muka bi ta Shuni da Dange da Talata Mafara, ba mu shiga Gusau ba sai da dare ya raba. A bakin tasha muka kwana, a kan tabarmar da Kawu ba ya rabuwa da ita.

Bayan sallar asuba na fara ganin dogo da idona. Ƙarfe biyu ne kawai a kwance, sun miƙe har inda ido ya gaza, na yi ta mamakin yadda wannan ɗan siririn abu zai ɗauki abin da ake ta ba mu labari. Tasha ta cika: masu fura, masu dafaffen ƙwai, masu rake, ga dilolin auduga an jibge gefe guda, ga buhunan gyaɗa, ga leburori suna ta kai da kawowa. Can sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata, kafin ma kunnena ya ji komai. Sai kuka ya biyo baya, doguwar ƙara mai kauri wadda na ji ta a ƙirji. Na juya zan zura da gudu, Kawu ya cafke mini wuyan riga.

"Kak ka gudu, ɗan nan," in ji shi. "Bai barin hanyatai. Kai dai tsaya ka gani."

Na tsaya na gani. Har gobe in na rufe ido ina ganin kan jirgin nan yana shigowa a hankali, zafi na tashi daga jikinsa, taragai na biye da shi kamar raƙuma a ayari.

Bencin katako muka samu, ni a jikin taga. Abin da ya fi kama ni shi ne sautin da ke fitowa daga ƙasa, bugu biyu-biyu da ba ya kuskure, wanda kunnena na yaro ya ji kamar ana cewa "ka taho, ka tahi, ka taho, ka tahi". Duwatsun ƙasar Kwatarkwashi da Tsafe suka wuce, gonakin dawa da fari ya ƙone suka wuce, yara a bakin ƙauyuka suna ɗaga mana hannu. A cikin taragon kuwa an zama gida ɗaya. Wata tsohuwa ta ba ni ƙuli-ƙuli, wani Bayarabe mai komawa Ibadan ya raba goro da Kawu, da lokacin azahar ya yi aka matsa wa juna wuri. Mota ba ta taɓa ba ni wannan ba. A mota kowa ya ƙagu a isa, a jirgi kuwa mutane sun saki jiki sun zauna da juna.

A Zariya, inda reshenmu ke haɗuwa da babban layin Legas zuwa Kano, mun jira awanni. Nan na ga wani tsohon kan jirgi mai aiki da kwal, baƙi ƙirin, yana huci a gefe. Na tsaya ina kallonsa har wani ma'aikacin Reluwe, dattijo mutumin kudu mai jin Hausa sosai, ya lura da ni. Bai kore ni ba. Ya nuna mini inda ake zuba kwal, da tukunyar da ruwa ke tafasa, da sandunan ƙarfen da tururi ke turawa su juya ƙafafu. Sa'an nan ya durƙusa ya auna tsakanin ƙarfen dogo biyu da sandarsa, ya ce ƙafa uku da inci shida ne, daga Legas har Nguru, ba ƙari ba ragi. Ban san amfanin wannan magana ba a lokacin, amma na haddace ta kamar karatun allo. Allah Ya jiƙan wannan bawa nasa in ya riga mu, Ya saka masa in yana raye.

Da muka dawo gida na zama mai ba da labari a unguwa. Yara sa'o'ina motar kara suke yi, ni kuwa na yi jirgin kara: tarago biyar na karan dawa, ƙafafu na sakaina, na haɗa su da zaren buhu ina ja a lungu. Mahaifina ya dube ni wata rana ya ce in dai na kai izu goma kafin kaka, zai bar ni in sake bin Kawu. Na kai.

Na girma na zama malamin makaranta, ina koyar da lissafi da aikin katako. Abokan aikina in an yi hutu gona suke nufa ko kasuwa, ni kuwa in albashi ya ɗan yi saura sai in nufi tasha mafi kusa, wadda take fiye da kilomita ɗari biyu daga ƙofar gidana. A 1986 na yi tafiyar da na daɗe ina mafarki, Kano zuwa Legas, kilomita dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai, kwana da yini har da ɗoriya. Na riƙe ɗan littafi ina rubuta sunan kowace tasha da lokacin da muka shige ta: Kaduna, Minna, Zungeru, Mokwa, Jebba, Ilori, Offa, Ibadan, Abekuta, har Iddo. Ido ya ga ƙasa tana sauya riga a hankali, kuka da gawo suna ja da baya, kwakwar manja da kurmi suna matsowa. A Jebba jirgin ya rage gudu ya hau gadar Kwara, ruwa shimfiɗe dama da hagu, wani dutse tsaye a tsakiyar kogi, taragon ya yi tsit, kowa ya leƙa taga. Na ce Subhanallah ban san na faɗa da ƙarfi ba. Daga baya na bi layin gabas ta Kafanchan na ketare Binuwai a gadar Makurɗi, wadda aka buɗe a 1932, na kuma je Nguru don kawai in ga inda dogo ya ƙare ta can. Littafin yana nan, takardunsa sun yi ja.

Sai jiragen suka fara ƙaranci. A je tasha a ce sai jibi, a koma jibi a ce sai wani mako. Wata shekara, Zamfara ba ta daɗe da rabuwa da mu ba a 1996, na je Ƙauran Namoda na bi dogo da ƙafa har ƙarshensa. Ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai. Na juya fuskata wajen Sakkwato na daɗe a tsaye. Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma ba na ɓoye shi: ƙasar da ke fitar da albasa da shinkafa da fata da dabbobi, ga siminti a Kalambaina, bai kamata a ce duk nauyin nan a kan kwalta yake tafiya ba. Duk wanda ya bi hanyar Gusau a bayan tirela ya san abin da nake nufi, ya kuma san rayukan da hanyar ta ci.

A 2009 ne al'amarin ya ɗauki wata hanya. Ina ratsawa ta wurin masu kayan gwanjo a kasuwa, cikin tarkacen kayan wasan yara da ake kawowa daga Turai, na hangi wani kwali da ya sha jiki. A ciki akwai ɗan kan jirgi da bai kai tsawon tafin hannu ba, da tarago uku, da guntayen dogo masu lanƙwasa. Mai kayan bai san yana aiki ba, ni ma ban sani ba. Na saya na kai wa wani tsohon ɗalibina mai gyaran rediyo. Ya buɗe cikinsa ya ce ƙaramin inji ne mai cin wutar batir, bolt 12, kuma ta cikin ƙarfen dogon nan biyu wutar ke bi ta shiga ƙafafu. Ya goge, ya ɗiga mai, ya jona wayoyi biyu. Abin ya yi ɗan ƙugi ya motsa. Da ya sauya wayoyin, sai ya koma da baya. Ina da shekara arba'in da bakwai a ranar, amma abin da na ji a ƙirjina shi ne na tashar Gusau.

Da babban ɗana ya koya mini neman abu a intanet, na gane ashe duniya guda ce. A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai dattawa da matasa da suka ba wannan abu rayuwarsu, suna da ƙungiyoyi da ma'aunai da kowa ya yarda da su. Nawa na ma'aunin da suke kira HO ne, wato an rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarfen dogonsa milimita 16.5. A nan malamin lissafi ya farka. Wannan faɗin an yi shi ne don kwaikwayon dogon Turai mai milimita 1,435. Namu na da, ƙafa uku da inci shida da dattijon Zariya ya auna mini, milimita 1,067 ne. In ka raba 1,067 da 16.5 za ka samu sittin da huɗu da 'yan kai. Ma'ana, in ina son jirgin Najeriya na gaskiya a kan wannan ɗan dogo, sai in rage komai sau 64, ƙofa mai tsawon mita biyu ta dawo santimita uku da ɗigo. Na yi murna da na ga masu wannan sha'awa a ƙasashen da ke da irin dogonmu, kamar Niyu Zilan, haka suke yi. Sai na cire gangar jikin jirgin Turawan na ajiye, na bar injin da ƙafafu, na ƙera masa sabon jiki da gwangwanin madara da dalma, na yi masa fenti irin na kan jirgin da na sani.

Ɗakin da ke jikin zaure na share, na kafa falanki biyu a kan ƙafafu. Na fara da tashar Gusau kamar yadda na gan ta a 1973. Gini da kwali da katakon silin, rufi da gwangwani da na matse shi ya yi layi-layi kamar kwano, ƙasa da jar ƙasar bayan gari da na tankaɗe na cakuɗa da gam, itatuwa da wayar lantarki da soso, buhunan gyaɗa da ƙyallen atamfa da na rina. Sakkwato kuma ta koya mini nata darasin. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kan dogo wuta ba ta wucewa, sai an bi da tsumma da ɗan sipirit kullum. Zafin watan Afrilu kuwa, da ke haura digiri arba'in, ya sa ƙarfen ya miƙe ya bankare, har jirgin ya riƙa sauka. Da na bar ɗan tsaga a kowace mahaɗa sai ya zauna lafiya, kuma a daren da na saurara na ji ɗan bugun nan biyu-biyu yana fita daga falanki. A ranar na fahimci abin da kunnena ya ji ina yaro: tsagar da ake bari don zafi ita ce ƙafafun jirgi ke bugawa.

Na tambayi malaminmu na zaure game da hukuncin abin, don ba na son in ajiye shubuha a gidana. Ya ce jirgi da gini da itace ba su da rai, babu laifi, amma in nisanci sassaƙa surar mutum ko dabba. Shi ya sa tashoshina babu kowa a kan dandamali, sai kaya. Jikokina sun warware wannan da kansu, suka ce ai fasinjoji duk sun shiga ciki.

Magana kam an yi. Wasu sun ce babba da wasan yara, wasu sun ce kuɗin da zai sayi tunkiya yana zuba shi a gwangwani. Ban yi jayayya da kowa ba. A 2017 na je na hau sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016 a kan faffaɗan dogo, daga Idu zuwa Rigasa cikin awa biyu da 'yan mintoci, ga sanyi ga kujeru masu laushi. Na ji daɗinsa ƙwarai, ko da yake kunnena ya yi ta neman tsohon bugun bai samu ba. Na yi ritaya a 2019 da niyyar in ja layina daga Gusau in kawo shi gida.

Ban kai ga farawa sosai ba jarrabawa ta zo. Cikin azumin 2021, bayan la'asar, ina alwala buta ta suɓuce daga hannuna na dama. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in kira uwargida, harshe ya yi nauyi. Hawan jini ne da na daɗe ina wasa da maganinsa, in sha yau in bari gobe, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan da ke da shi kada ya yi abin da na yi. Na yi makonni a asibiti. Ƙafa ta dawo da wuri, magana ta biyo baya, hannu kuwa ya kwanta kamar ba nawa ba. Hannun da na yi shekara talatin da biyar ina riƙe alli da zarto da shi, ya kasa ɗaga cokali.

Likitar da ke gasa mini hannu ta ce in riƙa tsintar wake ɗaya-ɗaya daga kwano zuwa kwano. Na yi kwana biyu na ture kwanon. Ba ciwon ne ya fi damuna ba, zuciyata ce ta mutu. Na sa aka kulle ɗakin jirgi, na ce kada wanda ya ƙara ambata mini shi. Ina sallah a zaune ina roƙon Allah haƙuri, amma gaskiya na yanke ƙauna daga hannun nan.

Wata safiya uwargida ta shigo da faranti, ta ajiye a gabana. Ba abinci ba ne. Tsinken ashana ne cike, duk ta kankare kawunansu, da kwalbar gam, da wani ɗan siririn katako.

"Malam, mi kake jira?" ta ce. "Kai kac ce za ka kawo muna jirgi Sakkwato. To ga itacen dogo nan. In wake ya gundure ka, tsinci wanga."

Shekara da shekaru tana share ƙurar ɗakin nan ba ta taɓa cewa komai a kansa ba, ashe tana lura da yadda nake jera tsinken ashana a matsayin katakon da ke ƙarƙashin dogo. Ranar farko tsinke uku na iya ɗauka, ina gumi, yatsu na karkarwa, na ukun ma a karkace ya zauna. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Washegari na jera biyar. Da likitar ta ji, ta ce in ci gaba, irin motsin da take nema ke nan, kuma abin da mutum ke so ya fi saurin maimaita shi. Bayan wata guda ina jera arba'in a zama ɗaya. Bayan wata huɗu na riƙe ƙarfen dalma, jikana na riƙe mini waya. Magani da gashi da addu'ar iyali duk sun yi aikinsu, waraka kuma daga Allah take, amma sababin da Ya sa na yarda in ci gaba da motsa hannun nan shi ne ina da inda nake so dogon ya kai.

Na dakata sau ɗaya. Daren 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji suka yi watanni. Na san kujerun nan, na san tagogin nan. Na yi makonni ban jona wuta a falanki ba, in na shiga ɗakin sai in zauna in yi wa waɗanda ke hannu addu'a in fito. Sai da aka fara sako su na koma aiki.

Layin ya bar Gusau ya bi ta Bunguɗu da Maru, ya ratsa Talata Mafara, inda na zuba shuɗin fenti a gefe don ruwan Bakolori, ya wuce Tureta da Dange da Shuni. Babu taswirar gwamnati da na bi, hanyar da muka bi da Kawu a bayan mota ita na mayar dogo. Tashar Sakkwato kuwa na fi wata uku a kanta, don babu wadda zan kwaikwaya. Na yi mata ƙofar baka da zankwaye irin na ginin gargajiya, na yi mata rumfar albasa da ta fatu, da ɗan masallaci a gefe. Sunan garin na rubuta shi da boko da ajami a kan allo, da hannun dama, ya ɗan karkace, na bar shi haka.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na buɗe ɗakin. Maƙwabta suka shigo, har da waɗanda suka yi magana a da, yara suka cika taga. Na ba uwargida maɓallin. Jirgin ya tashi daga Gusau da tarago shida, yana bugawa a kowace mahaɗa, ya ɗauki kusan minti ɗaya kafin ya shigo ya tsaya a gaban allon. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya haura tamanin kuma bai taɓa hawa jirgi ba, ya matso da sandarsa ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Awo, haka za ya zo ke nan. Allah Shi nuna wa jikokinmu." Aka shafa. Kawu ya rasu tun 1998, shi na fi tunawa a lokacin.

Ina bin labarin layin da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka ƙaddamar a 2021, ina kuma yi masa fatan alheri, ko da yake ba ta wajenmu ya biyo ba. Hannuna bai koma kamar da ba, ƙaramin yatsa har yanzu ba ya lanƙwasuwa sosai, amma ina cin abinci da shi, ina rubutu, ina riƙe carbi. Alhamdu lillahi. Yara huɗu na unguwa suna zuwa ranar Asabar, na koya musu awo da raba lamba da 64, ɗayansu ya riga ya ƙera tarago da gwangwanin tumatir wanda ya fi nawa na farko kyau. Yanzu mun ƙara falanki na uku, za mu ja layi daga Sakkwato zuwa Illela, bakin iyaka. Gadar gulbin Rima ce ta tsayar da mu, mun gina ta sau biyu tana lotsawa a tsakiya, kuma jikana ya ce wannan karon da wayar keke za mu ɗaure ta.